Shirin tafiya karatu waje daga ƙauyenmu

Ƙanena, tunda takardar shiga makarantar Indiya ta fito, fara da sunanka. Shimfiɗa sakamakon WAEC da shaidar digiri da NIN a tabarma, ka duba su harafi bayan harafi. Mu mutanen karkara nan muke tuntuɓe: wata takarda Muhammad, wata Mamman, wata kuma an liƙa sunan gari. Ranar haihuwa ma haka. A gyara kafin ka nufi ofishin shige da fice na Dutse, domin abin da ke kan NIN shi zai hau fasfo.

Daga nan sai Abuja, Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje su buga wa takardunka hatimi. Ka karɓi katin rigakafin shawara da wuri, Indiya na tambayarsa ga wanda ya taso daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana 10 katin yake aiki.

Guzuri kuwa, bari Inna ta daka maka kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. Daddawa a ɗaure ta leda uku, in ba haka ba duk tufafinka sai sun ɗauki warinta. Kilishi ka bar shi gida, ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shiga.

Kada ka bar wa kowa layin wayarka, ta nan banki ke turo lambar sirri. Ka koya wa Baba kiran bidiyo tun yanzu, ku gwada a gindin durumin da sabis yake kamawa.