Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Hasashen Hazo da Hayaƙin Birni

Abin da ake hasashe shi ne PM2.5, ƙurar da faɗinta bai wuce maikiromita 2.5 ba, wadda ke kutsawa har cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a maikirogiram 15 cikin mita kubik na iska a matsakaicin yini.

A tara ma'aunin PM2.5 na awa-awa na aƙalla shekara biyu, domin kwamfutar ta ga hunturu biyu da damina biyu. Ana samunsa a OpenAQ, shafin intanet da ke tara ma'aunin ingancin iska, ko daga ƙananan na'urori irin PurpleAir. Sai dai waɗannan ƙananan na'urori sukan ƙara lamba idan danshi ya yi yawa, don haka a daidaita su da na'urar da aka amince da ita. Inda wuta ta ɗauke aka samu giɓin awa biyu ko uku, a cike shi. Giɓin kwana guda kuwa a yar da shi.

A haɗa da bayanan yanayi daga ERA5, taskar bayanan yanayin baya ta cibiyar hasashen yanayi ta Turai: zafi, danshi, ƙarfin iska da alƙiblarta. Kada a ba kwamfutar alƙibla da digiri kai tsaye, domin za ta ɗauka 359 da 1 sun yi nisa, alhali maƙwabta ne. A raba ta gida biyu, gabas-yamma da kudu-arewa.

Tsarin jijiyoyin kwamfuta na LSTM, wanda ke riƙe abin da ya gabata a jerin bayanai, ya dace da wannan aiki. A ba shi awa 48 da suka wuce, ya faɗi awa 24 masu zuwa. Hawa biyu na tsarin, kowanne da ƙwayoyin lissafi 64, sun isa farawa. A raba bayanan bisa lokaci, na baya don horo, na ƙarshe don gwaji. Wanda ya cakuɗa su ya nuna wa ɗalibi amsa kafin jarrabawa.

Inda aka fi shan kashi shi ne ranakun hazo mai tsanani. Ba su da yawa a cikin bayanan, shi ya sa kwamfutar ke rage tsananinsu. Ga kuma ƙurar da ke lulluɓe Kano, wadda ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, na'urar cikin gari ba ta ganinta sai ta iso. A ƙara wa waɗannan ranaku nauyi wajen horo, a shigar da hasashen ƙura na CAMS, shirin Turai mai sa ido kan sararin samaniya.

ERA5 na zuwa da jinkirin kusan kwana biyar, don haka a aikin yau da kullum a koma ga GFS, hasashen yanayi na hukumar yanayin Amurka. Kafin a amince da sakamako, a gwada shi da hasashen “gobe kamar yau”. Idan bai doke wannan ba, a sake duba bayanan.