Kasat ɗin bikin da ya cinye kile: kurakuran da ake yi wajen rage nauyin bidiyo

Jiya wani bawan Allah daga unguwar Zariya ya shigo mani da kasat ɗin bidiyo na VHS, E-180, na bikin iyayenshi, wai an juye mashi a kwamfuta amma abin ya ƙi shiga kile (USB), ga shi dangi na Damagaram da Katsina suna jira a WhatsApp. Na duba, jiga 39! Babu wanda ya cuce shi, juyen kasat zuwa kwamfuta a tsarin DV haka yake, wajen jiga 13 duk awa ɗaya, kasat ɗin kuma awa 3 ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da nake ta maimaitawa a shago.

Babbar ɓarna ita ce mutum ya matse bidiyo, ya ga ya dawo ƙarami, sai ya goge na asalin dan ya samu wuri. Kar ka yi haka dan Allah. Abin da matsi ya zubar baya dawowa, kuma kasat ɗin nan da ya sha zafi da ƙurar hunturu shekara da shekaru ba lallai ya yarda ya sake juyawa ba, injin kunna kasat ɗin ma tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ya rage yana ƙerawa, ya daina. Aje babban a hadis (hard disk), ƙananan duk daga jikinshi za ka riƙa fiddawa. Matse wanda aka riga aka matse kamar fotokofin fotokofi ne, a na uku amarya ba ta da hanci.

Wasu kuma WinRAR ko zip suke sa mashi, su zauna awa guda suna jira, a ƙarshe ɗan abin da ya ragu bai kai a faɗa ba. Aikin HandBrake ne wannan, manhajar matse bidiyo, kyauta yake. A cikinshi zaɓi MP4 da tsarin matsi na H.264, lambar RF ta ƙarfin matsi ka sa ta tsakanin 19 da 22, in lambar ta hau fayil ya ragu hoto ya lalace, in ta sauka akasin haka. H.265 ya fi matsewa gaskiya, amma tsohuwar tele da ƙananan salula da yawa ba sa karanta shi, kuma ya fi jan lokaci, kana tsakiyar aiki kuran ya tafi sai ka koma farko.

Inda mutane suka fi tafka kuskure ba su sani ba shi ne matsewa ba tare da an share hoton ba. Yayyafin nan da ke rawa a hoton kasat, kwamfuta ba ta san datti ba ne, ɗauka take hoto ne na gaske ta yi ta kashe mega wajen adana shi. Sa NLMeans, mai share yayyafin a HandBrake, amma a Light kawai, in ka cika hannu fuskar tsofaffi sai ta koma sumul kamar roba, aikin surfani na babbar riga ya ɓace, to me ya rage na bikin? Sannan layin nan mai karkarwa a can ƙasan hoto, daga kan injin yake, yanke shi, layi 8 zuwa 12 yakan isa. Sai zanen nan kamar haƙoran mataji da ke fitowa in ƴan rawa suka motsa, dalili hoton kasat rabi-rabi yake zuwa, rabi 50 a daƙiƙa, allon salula kuma ba haka yake aiki ba. Kunna deinterlace, Yadif ko Bwdif, kafin matsi. In ka matse da matajin a ciki sai ya zauna daram, cire shi daga baya wahala ce.

Masu son ganin an rubuta 1080p, ku yi haƙuri. Kasat ɗinmu, na nan Nijar mai tsarin tele na SECAM ne ko na PAL da ya ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa, 720x576 ake juye shi, hoto 25 a daƙiƙa. Kumbura shi baya ƙara komai sai nauyi. Bar shi a 4:3 ɗinshi ma, kar ka ja shi ya cika faffaɗan allo kowa ya koma gajere mai ƙiba. In kasat ɗin daga Amurka aka aiko shi, wannan NTSC ne, 720x480, kar ka tilasta mashi 25.

Sauti ana mantawa da shi, alhali PCM, sautin da ba a matse ba, shi kaɗai yana cin kusan mega 700 a awa. Mai da shi AAC 128, bai kai mega 60 ba, kuma kalangu zai fito ras.

Shi mutumin namu na jiya, ashe ko da ya ragu sosai kilen nashi FAT32 ne, baya karɓar fayil ɗaya da ya wuce jiga 4 komai girman kilen. Muka kwashe kayanshi, muka yi fomatin zuwa exFAT. Na WhatsApp kuma na raba mashi gida uku, ɗaurin aure, kamu, walima, na ce ya tura a matsayin dokiman, nan ne ba a sake matse shi kuma yana ɗaukar har jiga 2, ya jira dare in rezo ya sake.