Yadda zaka haɗa ɗan jirgin ƙasa na tebur irin na layin Gusau zuwa Kaura Namoda

Jama'a masu tambaya kan wanga aiki na haɗa ƙananan jiragen ƙasa, ga bayanin a dunƙule, kuma tun farko in faɗa maku ra'ayina, in zakai to kayi irin namu. Mafi yawan bidiyon da zaka gani a YouTube na Turawa ne, ciyawa koriya shar, bishiyoyin ƙasar sanyi, gidaje masu jan rufi, ka kwaikwayi wannan ka gama wahala mutum ya shigo ya kalla yace yayi kyau ya wuce. Amma ka haɗa tasha da jar ƙasa da kuka da tsohon tarago mai tsatsa, wallahi dattijo zai tsaya ya fara baka labarin zamanin da ake lodin gyaɗa da auduga. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya ƙare a Kaura Namoda tun 1929 anka buɗe shi, to me zai kaika aron ƙasar wani?

Abu na farko ma'auni, kuma nan ne mutane ke ɓata aiki tun basu fara ba, a yi tarago ƙarami a aje mashi mutum wanda ya fi shi tsawo. Ma'aunin da yafi yawa a kasuwar duniya shine HO, wato 1:87, ma'ana an rage girman na gaske sau 87, faɗin layinshi milimita 16.5, sai N wanda shine 1:160 mai layi milimita 9, wanga yayi ƙanƙanta ga mai farawa, ka barshi. To ga inda lissafin yake. Shi HO an yi shi ne don babban layi mai faɗin milimita 1435, irin na Abuja zuwa Kaduna da anka buɗe a 2016. Namu tsohon layin na Kaura siriri ne, milimita 1067, ƙafa uku da inci shida kenan. In ka raba 1067 da 87 zaka samu 12 da ɗan kai, kaga layin HO yayi mashi faɗi. Amma raba shi da 64 ka gani, 16.7 zai baka, kusan daidai da layin HO ɗin. Saboda haka shawarata ka sayi layi da ƙafafu da injin HO, su sunfi sauƙin samu ko a oda, amma jikin jirgi da gine-gine da mutane ka yi su a 1:64. Masu wanga sha'awa a New Zealand haka suke yi don suma layinsu 1067 ne. Ƙarin riba, ƙananan motocin wasan yara irin Hot Wheels kusan wanga ma'auni ne, kaga ka samu motocin aje wa bakin tasha a gwanjo.

Lissafin da zaka riƙe a ka: mita ɗaya na gaske santimita ɗaya da rabi ne da ɗan ɗoriya. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai zo santimita 2.7, ƙofa mai mita 2 santimita 3 da kaɗan, tarago mai mita 12 wajen santimita 19. Ka yanka ɗan mutum na kwali mai wanga tsawo ka aje shi kusa, duk abinda ka gina ka tsaida shi a jiki ka gani.

Tebur kuma filawud ɗin nan na kafintoci mai ƙafa 4 da ƙafa 8 shi ake yawan amfani dashi in kana son jirgi ya rinƙa zagaye, don kwanar HO tana son kamar inci 18 daga tsakiya zuwa layi. Amma ni ban ga dole ba. Kaura ƙarshen layi ce, in jirgi ya zo sai dai ya tsaya a sauke a loda ya koma, to katako mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa ɗaya da rabi a jikin bango ya isheka, ga shi bai cin ɗaki, uwargida bata yi maka ƙorafi. Kasa kafinta ya buga mashi firam ta ƙasa kar ya lanƙwashe da damina, kuma ka ɗaga shi daga ƙasa kar ya taɓa bango sosai saboda gara.

Ka shimfiɗa layi ka gwada jirgi yana tafiya lafiya kafin ka zuba komai. Wutar DC ce volt 12, ƙaramin batirin sola ma yana ja, sai ɗan na'urar rage gudu da masu kayan lantarki ke saidawa, kar dai ka kuskura ka haɗa da wutar gida kai tsaye. In zakai hawa kar ya wuce santimita 2 zuwa 3 a duk santimita 100, fiye da haka ƙafa zata rinƙa sulɓewa.

Yanzu ƙasa. Farin kumfan nan da ke zuwa cikin kwalin firij ko talabijin shine tudu da dutse, ka yanka da wuƙa ka jera ka manne da farin gam na kafintoci irin Top Bond. Kar kasa mashi sufa gulu ko fentin feshi ko wani abu mai fetur, narkewa yake nan take. Ka yayyaga takardar buhun siminti ka jiƙa ta da gam da ruwa ka lulluɓe, in ta bushe ka shafa POP siriri. In kana son bayan tasha ya yi kwarjini kayi dutse irin na Kwatarkwashi, duk da ba kusa da Kaura yake ba ai teburinka ne, sai dai ka lura duwatsun namu masu sulɓi ne da ƙundume kai, da baƙin zane inda ruwan sama ke gangarowa, ba masu tsini ba irin na hotunan Turai. Tun POP na ɗanye ka shafe shi da jiƙaƙƙen yatsa ya yi sumul, fenti kuma toka-toka mai ɗan ruwan ƙasa.

Ƙasar kanta babu fentin da ya kai ta gaske. Ɗebo jar ƙasa da rairayin gulbi, ka soya su a tsohon kasko su bushe ƙwan ƙwari su mutu, ka tankaɗe da rariya, sannan ka sake tacewa da tsohon gyale ko safa don ka samu mai laushi sosai. Nan akwai abinda da yawa basu sani ba: ka bi ta da maganaɗisu, irin na tsohuwar sifika, zaka sha mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne, wanda in ka barshi injin jirgin ne zai jawo shi ciki ya lalace. Ka fara shafa fentin ruwa kalar ƙasa a kan POP ɗin don kar fari ya leƙo, ka shafa gam, ka barbaɗa. Kuma kar kayi kala ɗaya tun daga farko har ƙarshe, inda ake takawa ya fi haske da laushi, gindin bango ya fi duhu, wajen da inji ke tsayawa baƙi ne da mai.

Tsakuwar layi ta gaske bata wuce santimita 3 zuwa 6 ba, a ma'auninmu rabin milimita zuwa ɗaya kenan, wato rairayi mai ɗan gwaɓi. Zuba shi a bushe, ka daidaita da buroshi har katakan ƙarƙashin layi su fito, ka fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke daga nesa ya jiƙe, sai ka ɗiga gam da anka haɗa rabi da rabi da ruwa ta sirinji. Zai yi fari fat ka ɗauka ka ɓata, barshi ya kwana zai koma ba kala. Wajen canjin layi kam ka kiyaye, gam ya shiga nan shikenan ya daskare.

Itatuwa su ke nuna inda kake da lokacin da kake. Ka zaɓi rani ko damina tun farko, ni rani nake ba mutane shawara don ya fi sauƙi kuma ya fi kama da yadda munka san wurin. Da rani kuka tsirara take ba ganye, gawo kuwa lokacin ne yake kore don shi da damina yake zubar da nashi, dogon yaro na nan da ganyenshi, ciyawa duk ta zama ruwan ƙasa. Ka samu ragowar wayar wuta mai silli da yawa, ka murɗe ƙasan ya zama gindi ka ware saman ya zama rassa, ka shafe da gam da garin katako. Kuka ka kumbura mata gindi da takarda kafin ka shafe, mai mita 15 zata kai santimita 23, kar kaji tsoron girmanta, yawancin mutane itatuwansu ƙanana suke yi sai wurin ya koma wasan yara. Ganye kuma soson katifa ne, ka rina shi da kore mai ɗan toka, ya bushe ka goga a rariya ya zama gari. Busasshiyar ciyawa zaren igiyar buhu ko gashin tsohon buroshi, ka yanka guntu-guntu ka dasa tsibi-tsibi.

Ginin tasha kwali mai ƙarfi ya isa. Kwanon rufi ka yanke gwangwanin lemo ka buɗe shi, ka ɗora kan wani abu mai layi-layi ka bi da biron da ya ƙare, ka yanka falle-falle ka jera suna hawa juna, hattara da yatsa yana yanka. Buhunan gyaɗa ka murza su da takarda da gam, kowane kamar santimita ɗaya da rabi, kar kace zaka sa wake ko shinkafa, ƙwari zasu cinye maka. Haka ma kullun rogo a madadin gam, kyankyasai kake kira. In zaka je tasha ɗaukar hoto don ka kwaikwaya ka nemi izinin ma'aikatan wurin, kuma da halin tsaron da ake ciki kar ka bi layi ka shiga daji don neman hoton gada, abinda ke cikin gari ya isheka.

To sai babban aikin, tsufar da jirgi. Jikin tarago ko na kwali ne ko na roba ka fara mashi fentin share fage mai toka, sannan kalarshi, shafi biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri wanda zai cike duk ƙananan zane. Fentin akirilik na masu zane shine daidai, sai dai da zafinmu yana bushewa a buroshi kafin ka kai, saboda haka kayi da safe ko da dare, ka aje fentin kan jiƙaƙƙen tsumma. Kan jirgin dizal na hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya kore ne da ratsin rawaya, amma kar kasa koren yadda ya fito daga kwalba, ka ɗiga mashi fari da ɗan ruwan ƙasa, don rana ta riga ta cinye kalar duk wani ƙarfen da ya shekara a waje, rufin ma ya fi ko'ina koɗewa.

In ya bushe sai wanki. Ka tsinka baƙi da ruwan ƙasa da ruwa sosai har ya koma kamar ruwan shayi ba madara, ka shafe jikin duka, zai gangara ya zauna cikin lunguna da gefen ƙofa da kan ƙusoshi, ka goge wanda ya yi yawa da auduga, kullum daga sama zuwa ƙasa don haka ruwan sama ke bi. Tsatsa kuma ba lemu-lemu bace ko'ina, tsohuwar tsatsa duhu gareta kusan baƙi, sabuwa ce mai haske. Ka yagi ɗan soso ka dangwala a ruwan ƙasa mai duhu, ka goge a takarda har ya kusa ƙarewa, ka ɗan taɓa gefuna da inda ake bugawa da inda ƙofa ke gogawa, sannan da siririn buroshi ka ja ɗan layi mai haske ƙasa daga wasu tabon, ba duka ba. Bayan nan busasshen buroshi: fenti mai haske kaɗan, ka goge kusan duka a tsumma, ka bi kan gefuna sama-sama sai su fito.

Ƙura ita ce ta ƙarshe kuma ita ce tamu. Wagga ƙasa mai laushi da ka tace da gyale, ko garin alli mai kala da ka goga, ka ɗiba da buroshi mai taushi ka shafa a ƙafafu da ƙasan tarago ya yi yawa, yana raguwa kana hawa sama, rufi kuma ɗan fari-fari na hazon hunturu. Garin gawayi kaɗan wajen bututun hayaƙi. Inda mai ke zuba wajen tanki ka ɗiga baƙi mai ɗan sheƙi, nan kaɗai ake son sheƙi. In ka fesa banish marar ƙyalli don ƙurar ta zauna zaka ga fiye da rabinta ta ɓace, haka yake, sai ka ƙara ka sake fesawa. Kuma kar ka yi wa taragai duka iri ɗaya, wani ya tsufa tukuf wani da sauranshi, ka fara gwadawa a wanda baka damu dashi ba.

Layin ma ka shafa ma gefenshi ruwan ƙasa mai duhu, amma samanshi ka goge tas tun fentin bai bushe ba don ta nan wuta ke shiga ƙafafun inji, haka ƙafafun kansu kar fenti ko gari ya taɓa inda suke taka layi. In jirgi ya fara tsayawa yana fizga, tsumma da sifirit zaka bi layin dashi, banda sanfefa don tana karce ƙarfen datti ya ƙara zama. Lokacin hunturu kam kusan kullum sai ka goge kafin ka kunna, in ka gama ka rufe teburin da leda ko tsohon zani da ka ɗora kan sanduna yadda bai taɓa itatuwan ba.