Darasi na Bakwai: Idan Ka Ji Rauni a Wurin Aiki

A ɗauka mutum ne yana aiki a masana'antar katako. Wata safiya yana tura katako cikin inji, sai zarto ya fizge masa yatsu biyu na hannun dama. Aka naɗe hannun da tsumma, aka garzaya da shi asibiti. Bayan kwana uku manaja ya zo dubiya, ya tura masa 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi, ya ce: "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ka san kai ka yi ganganci."

Mutumin ya yi godiya, ya ja bakinsa ya yi shiru, don shi ma gani yake laifinsa ne. A nan ya fara tafka kuskure.

Diyyar rauni a wurin aiki haƙƙi ce da doka ta tanada, kuma a mafi yawan ƙasashe ba a tsayawa tambayar wa ke da laifi. Abin da ake tambaya shi ne: a kan aiki abin ya same shi? In haka ne, magani da wani kaso na albashi sun wajaba. Akwai abin da kan zubar da haƙƙin, kamar mutum ya zo aiki a buge, ko ya ji wa kansa ciwo da gangan. Amma kuskuren hannu irin na kowa ba ya hana diyya.

Da can ba haka abin yake ba. Sai ma'aikaci ya kai ƙara kotu, ya tabbatar da sakacin ubangidansa, shi kuwa talaka ina ya ga kuɗin lauya? Jamus ce ta fara gyara wannan da dokar inshorar haɗari ta 1884, a zamanin shugaban gwamnatinta Bismak. Ingila ta biyo baya a 1897, jihohin Amurka suka soma tun daga 1911. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta fitar da yarjejeniya mai lamba 121 a kan wannan batu a 1964. Sai dai ciniki ne aka ƙulla: ma'aikaci ya sami diyya ba tare da doguwar shari'a ba, shi kuma a wurare da dama, musamman Amurka, ya haƙura da kai ubangidan nasa kotu a kan raunin. Diyyar ma ba cikakken albashi ba ce. A jihohin Amurka da yawa kashi biyu cikin uku ne.

Wa ke biya?

Mai wurin aiki ne ke zuba kuɗin inshora, ko dai ga kamfanin inshora ko ga asusun gwamnati, gwargwadon tsarin ƙasa. Ba daga albashinka ya kamata a cire ba. Idan haɗari ya auku, inshorar ce ke biya.

To, me ya sa manaja yake son a rufe maganar? Domin yawan rahoton haɗari na iya sa a ƙara masa kuɗin inshora. Wani ma bai yi wa ma'aikatansa rajista ba sam, yana tsoron asirinsa ya tonu. Wani kuma sai ya ce kai ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa. Kotuna ba su cika tsayawa a kan sunan da aka laƙaba maka ba. Sukan duba wa ke sa maka lokacin zuwa da tashi, kayan aikin na wa ne, wa ke ba ka umarni.

Kamfanin inshora kuwa kasuwanci yake yi, kuma yana da ma'aikatan da aikinsu kenan, bin takardu layi-layi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da suka fi samu ita ce jinkiri.

Wa'adi da rubutu

Kowace doka tana da wa'adin sanar da mai aiki. A jihohin Kalifoniya da New York na Amurka kwana 30 ne, a dokar Najeriya ta 2010 kwana 14. Tambayi ofishin ƙwadago ko ƙungiyarku wa'adin inda kake. Mafi kyau dai ka sanar a ranar, kuma a rubuce, ka riƙe kwafi. Maganar baka iska ce, gobe manaja zai iya cewa bai ji ba.

A gaban likita ka faɗa ƙarara cewa a wurin aiki abin ya faru, don ya shiga takarda. Mutane da yawa kunya ko tsoron kora kan sa su ce a gida suka faɗi, daga baya wannan layi ɗaya ya kashe musu magana. Ka adana rasit na magani, ka rubuta sunayen waɗanda suka gani da idonsu. Ciwon da ke shiga a hankali ma yana cikin abin da ake biyan diyya a kansa, kamar kurumta daga ƙarar inji ko ciwon huhu daga ƙura.

Mu koma kan mutuminmu. Bayan wata guda wakilin inshora ya zo da takarda mai shafi huɗu da tawadar dangwale. Ya ce: "Malam, dangwala nan kawai, gobe ka ji kuɗi sun shigo." Wani dattijo abokin aikinsa yana zaune a gefe, ya riƙe masa hannu.

"Dakata tukuna, ƙanena. Ka san abin da ke ciki?"

"Wallahi Yaya, ban sani ba."

"To, a bar mana ita ta kwana."

Da aka karanta, ashe cewa take wannan kuɗi shi ne na ƙarshe, ko da hannun ya buƙaci wata tiyata nan gaba. Irin wannan sulhu ba haramun ba ne, wani lokaci ma yana da amfani. Amma da wuya a warware shi bayan an sa hannu, shi ya sa ake son likita ya fara faɗin iyakar nakasar, lauya ko wakilin ƙungiya kuma ya duba. In an ƙi biyanka, akwai hanyar ɗaukaka ƙara, ita ma da nata wa'adin.

Aikin aji

Ɗauki littafinka ka rubuta takardar sanarwa mai layi biyar, kamar kai ne mai yankan katakon nan. Sa kwanan wata, da ƙarfe nawa abin ya faru, da gaɓar da ta ji ciwo, da wanda ya gani. Ka sa hannu a ƙasa, sa'an nan ka miƙa wa na kusa da kai ya karanta da ƙarfi.