Yadda Ake Amfani da Kalmar Stride a Turancin Yau da Kullum

Na jima ina koyar da Turanci a ajin yamma, inda nake haɗuwa da yara masu shirin WAEC da NECO, da kuma manyan ma'aikata masu son gyara rubutunsu na ofis. Akwai wasu kalmomi da na san kowace shekara sai sun kayar da mutane, kuma stride tana sahun gaba. Harafi shida ne kacal, ma'anarta ta asali ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne Turawa sun fi sako ta cikin salon magana, irin wanda in ka bi shi kalma bayan kalma sai ka ɓata hanya. Ni kaina ta taɓa jefa ni cikin abin kunya, zan ba da labarin in mun zo wurin.

Ba zan tsaya bayanin suna da aikatau ba, na ɗauka ka wuce nan.

Mataki na farko: ka ga tafiyar da idonka

Kafin ka haddace komai, ka san irin tafiyar da ake nufi. Stride dogon taku ne, na mutumin da ya san inda za shi kuma ba ya shakkar kowa. Ka tuna shugaban makaranta in ya ji hayaniya ta yi yawa a wani aji: ya fito daga ofis, hannu na lilo, ƙafa na cin ƙasa, taku goma ya iso inda wani zai yi ashirin. Wannan tafiyar ita ce kalmar. Bature zai ce "He strode into the classroom", kuma a cikin kalma ɗaya ya gaya maka saurin mutumin da gadararsa. Tsohuwa mai dogara sanda ba ta yin stride, haka yaron da aka aika yana jan ƙafa.

Bambancinta da step ke nan. Step kowane irin taku ne, gajere ko dogo. Stride sai an buɗe ƙafa. Masu sharhin wasanni sun yi ta amfani da ita a kan Usain Bolt, wanda ya kafa tarihin gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Berlin a 2009. Da taku 41 ya gama tseren, abokan karawarsa kuwa sai sun ƙara wasu takun a kai, saboda ƙafarsa ta fi tasu cin ƙasa. Ka riƙe hoton nan, domin duk salon maganar da za mu gani a ƙasa daga cikinsa ya fito.

Wajen furuci, bakinmu ya saba raba baƙaƙen da suka cunkushe wuri ɗaya, kamar yadda muka yi wa sitiyari da sukurudireba. Shi ya sa ɗalibai ke cewa "sitiraid", gaɓa uku. Gaɓa ɗaya ce tak, kuma ƙarshenta ɗaya da na ride da side da wide. Ka fara faɗin ride, ka ƙara t a gaba, sannan s. Kwana biyu ya isa baki ya saba.

Mataki na biyu: ka kashe "strided"

Babu wannan kalmar a daidaitaccen Turanci, kuma mai makin jarrabawa zai zagaye ta da jan biro. Shuɗaɗɗen lokaci strode ne. Tsarinta ɗaya da na hawan doki: ride, rode, ridden, to haka stride, strode, stridden. Ta ukun nan, stridden, ko masu harshen ba su cika faɗinta ba, tana yi musu nauyi a baki. A ajina dokar ita ce a san da ita amma kada a rubuta ta. In jimlarka ta kai ka ga buƙatarta, sake ginin jimlar.

Kada kuma ka haɗa ta da strive, mai nufin dagewa da fafutuka, wadda shuɗaɗɗen lokacinta strove ne. Harafi ɗaya ya raba strode da strove, kuma na sha ganin "he strode to succeed" a takardun yara. Strident ma ba 'yar gidansu ba ce, ita tana siffanta murya mai kaifi da ke damun kunne.

Mataki na uku: take it in stride

Nan ne zan daɗe, domin nan mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma nan na faɗi.

Farkon fara aikina, wani abokin aiki ya yi min gyara a gaban taro ta hanyar da ta ɓata min rai. Na rubuta wa wata babba da ke sama da mu saƙo na ba ta labari. Amsarta gajeriya ce, ta rufe da "Just take it in your stride." Da na ga take, na ga kalmar da na san tana nufin taku, sai kaina ya haɗa su ya ba ni "ɗauki mataki". Na zaci ta ba ni izinin in bi kadin abin. A daren na zauna na rubuta takardar ƙorafi shafi biyu, da safe na miƙa. Da ta kira ni, a hankali ta ce, "Malam, ai cewa na yi ka bar maganar ta wuce." Takardar ta riga ta shiga, kuma sai da muka yi watanni ni da mutumin nan ba ma ko gaisawa da daɗi. Har yau in na tuna ina jin ciwon abin, don zumunci ne ya lalace a kan kalma ɗaya da ban tsaya na tambaya ba.

Ɗaukar mataki a Turanci shi ne take steps ko take action. Take it in stride kusan kishiyarsa ce: abu mai wuya ko mara daɗi ya same ka, ka karɓe shi hankali kwance, ka ci gaba da abin da kake yi. Mafi kusa da shi a Hausa shi ne "ko a jikinsa" ko "bai ko yi gezau ba".

Hoton da ke ciki na doki ne, ko ɗan tsere, da ya tarar da shinge a gabansa ya tsallake shi ba tare da ya sauya takunsa ba. Ka kalli tseren tsallake shinge na mita 110. Shinge 10 ne a jere, kuma ƙwararru taku uku suke yi tsakanin kowane shinge da na gabansa. Gwani ba ya tsayawa ya yi shirin tsalle, shingen yana shigewa ne cikin takun da dama yake yi. Shi ya sa ake sa kalmar Turanci "in", wato a cikin takun. Da zarar ka gane haka, ba za ka ƙara rubuta "with stride" ko "on stride" ba, kurakuran da nake gani kusan kowane zango.

Abubuwa uku za ka kiyaye a nan. Na ɗaya, mutanen Amurka suna cewa "She took the news in stride", mutanen Birtaniya kuma suna saka mallaka, su ce "She took the news in her stride". Duka daidai ne. Amma tun da Turancin makarantunmu a Nijeriya da Ghana na Birtaniya ya gada, ni na Birtaniya nake sa ɗalibaina su rubuta a jarrabawa, kuma kai ma shi nake so ka riƙe. Na biyu, mallakar tana bin mai aikin: I da my, he da his, they da their. Kada ka haddace "your" ka manna shi ko'ina. Na uku, a wannan salon stride tilo ce. "He took it in his strides" ya yaɗu a bakin mutane har a jaridu, amma harafin s ɗin nan bai da gurbi.

Sai abin da ya fi nahawu muhimmanci, wato sanin inda ba a faɗarsa. Wasu ɗalibai suna fassara shi da haƙuri, daga nan sai su kai shi gidan makoki. Haƙuri yana tafiya da ciwo, mai haƙuri yana jin zafin ne ya danne. Wannan salon kuwa yana nuna abin bai girgiza mutum ba tun farko. In ka ce wa wanda ya rasa mahaifiyarsa "take it in your stride", kamar ka ce masa rashin ba wani abu ba ne. Ka ajiye shi ga ɗage jirgi, faɗuwa gwajin tuƙi, sukar da aka yi wa ɗan ƙwallo, sauyin wurin aiki. Kuma ya fi daɗi a yabon wani da ba ya wurin: "An sauya mata aji sau uku a zango ɗaya, but she took it in her stride." In ka faɗa wa mutum a gabansa yana cikin ɓacin rai, yana iya jin kamar ka raina damuwarsa.

Mataki na huɗu: make strides

Wannan mai sauƙi ne, ci gaba ne mai yawa. "The pupils have made great strides in reading", wato yaran sun yi nisa a karatu. A nan jam'i ake so, strides da s, akasin na sama. Aikatau ɗin make ne, ba do ba. Bayansa kuma kalmar Turanci "in" ke zuwa idan fannin za ka ambata, "towards" idan burin za ka ambata.

Duk mai karanta jaridun Nijeriya na Turanci ya san "giant strides". Ba a cika bikin cika shekara a kan mulki ba tare da an sayi shafi an yaba wa giant strides na mai girma wane ba. Turanci ne daidai, sai dai an tauna shi har ya salance. Ina hana ɗalibaina shi. In ci gaban na gaske ne, faɗi abin da aka yi, aji nawa aka gina, yara nawa suka iya karatu, sannan ka ce great strides ko significant strides in har sai ka faɗa. Kuma kada ka jingina wa ɗan sama jannati Neil Armstrong wannan salon. Abin da ya faɗa a kan wata a 1969 step ne da leap, babu stride a ciki.

Af, kada ka kashe kuɗinka wajen sayen littattafan nan na bakin titi masu jera salon magana dubu ba misali ko ɗaya. Ƙamus na Cambridge da na Oxford na masu koyo suna intanet kyauta, da misalai da muryar furuci iri biyu, ta Birtaniya da ta Amurka, kuma datar da za su ci ba ta kai ta bidiyo ɗaya ba.

Mataki na biyar: sauran

Waɗannan ba sa ba mutane wahala in sun kama hoton ɗan tsere. Hit your stride, ko get into your stride a bakin mutanen Birtaniya, shi ne lokacin da hannunka ya faɗa, aiki ya kankama yana tafiya sumul. Sabon tela a watansa na farko yana ɓata yadi, a na shida "he has hit his stride". Masu sharhin ƙwallo suna yawan faɗar sa ga ɗan wasan da ya fara kaka da sanyin jiki sannan ya dawo ganiyarsa.

Put someone off their stride shi ne dagula wa mutum lissafi yana tsakiyar abu, kamar mai jawabi da aka jefo wa tambaya ya rasa inda ya tsaya. Amurkawa sukan ce throw ko knock someone off stride.

Without breaking stride: ba tare da ya ko rage tafiya ba. Mai tallar da ta miƙa maka canji tana tafe, tire a ka, ita ce misalin. Ana faɗar sa ga magana ma, ga wanda aka katse amma ya zarce kamar ba a yi ba.

Match someone stride for stride shi ne a tafi kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya bar wani. Astride kuma zama ne ƙafa ɗaya nan ɗaya can, irin na kan doki ko babur.

Mataki na shida: ka sa su a bakinka

Ɗauki uku kawai a makon farko, take in your stride da make strides da hit your stride. Kowanne ka rubuta masa jimla biyar a kan mutanen da ka sani da abin da ya faru da gaske, ka sauya mai aikin kowane karo don mallakar ta zauna maka. Karanta su da ƙarfi. In kana sauraron sharhin wasanni na Turanci a rediyo, ajiye takarda kusa, kafin a tashi wasa da wuya ba ka ji ɗaya daga cikinsu ba. Ranar da wani ya turo maka salon maganar da ba ka tabbatar da ma'anarsa ba, duba ƙamus ko ka tambaye shi kafin ka amsa. In kuma ka ji mutumin Ostareliya yana neman "strides" ɗinsa, wando yake nufi.