Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sa wa Wayar Sifidomita Mai

Tsohuwar mota ba ta rasa ƙananan koke-koke, amma akwai wanda ke saurin shiga rai: wannan ƙis-ƙis-ƙis ɗin da ke fitowa daga bayan dashbod, yana ƙaruwa in ka ƙara gudu, allurar sifidomita kuma tana ta karkarwa kamar mai jin sanyi. Yawanci wayar ce ta bushe. Aikin ba ya wuce na awa guda, sai dai da yawa garin neman gira suke rasa ido. A shiga da matsalar ƙara kaɗai, a fito da matacciyar mita.

Sai ka san yadda abin yake aiki kafin ka gane inda ake ɓarna. Wayar kashi biyu ce: kube na waje wanda ba ya motsi, da siririyar wayar ƙarfe a ciki, kamar zariya a ƙubakar wando. Ta cikin ce ke juyawa. Bakinta na ƙasa yana shiga wani ɗan haƙori a jikin giyabos (a tsohuwar Volkswagen Beetle kuwa daga tayar gaba ta hagu take tasowa), na sama kuma yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyom da ke bayan mita. Maganaɗisun ba ya taɓa kofin, ƙarfinsa ne kawai ke jan sa, siririn sifirin yana riƙe da allura. Tsari ne da wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi wa rajista tun 1902, kuma da shi aka yi ta tafiya har na'urorin lantarki suka ture shi a shekarun 1980 zuwa 1990. A yawancin motocin Japan wayar tana juyi 637 a minti ɗaya idan kana gudun kilomita 60, wato fiye da sau goma a daƙiƙa. Abin da ke irin wannan juyi a busasshen kube dole ya yi kuka.

Kuskuren farko shi ne yanke wa waya hukunci ba tare da bincike ba. Kana cikin tafiya, taka kuloci ka saki totur. In ƙarar ta bi injin ta sauka, ba ruwan waya. In ta tsaya tare da gudun motar, to ka kusa. Daga nan kwance wayar daga bayan mita ka ɗan zagaya. Ƙarar tana nan? Waya ce. Ta ɓace? To mitar ce da kanta, bushin da sandar maganaɗisu ke juyawa a ciki ya bushe ko ya ci, kuma shi ne ya fi yin dogon kukan nan mai kama da busar fito, da sanyin safiya. Ko kwalbar mai guda ka juye wa waya ba zai yi shiru ba. Ɗigo ɗaya na mai marar kauri, irin na keken ɗinki, yake so a daidai wurin, in kuma ya ci sai mai gyaran mita. Kafin ka cusa hannu bayan dashbod, cire kan batir.

Sai masu gaggawa, waɗanda ke ɗan sassauta noti su fesa WD-40 a bakin kube su ɗaure. Kwana biyu shiru, a ce an gama. WD-40 maganin tsatsa ne da korar danshi, ba shi da jikin da zai zauna, kuma yana narkar da ɗan abin da ya rage na tsohon giris ya gangara da shi ƙasa. Bayan mako ƙarar ta dawo, ta ma fi ta da.

Babban kuskuren dai, wanda ya fi kashe mitoci, shi ne yawan kyauta. Ni ma na taɓa yin sa. Na zare wayar, na dumbuzo giris ɗin boris mai kauri na shafe ta tun daga ƙasa har bakin sama, ina jin na yi aikin da za a shekara goma ba a sake ba. Ba a yi wata ba allura ta fara nauyi. In na tashi sai ta yi jinkiri, in na tsaya cak sai ta ɗauki lokaci kafin ta sauko sifili. Da aka buɗe mitar, baƙin giris ne damƙam tsakanin maganaɗisu da kofin, har ya fara taɓa lambobin kilomita. Dalili kuwa, wayar ciki murɗaɗɗiya ce, ƙananan wayoyi ne aka naɗe a kan juna, don haka in tana juyawa tana iya tura abin da ke jikinta sama sannu a hankali kamar murɗin sukuru. Tazarar da ke tsakanin maganaɗisu da kofin kuwa 'yar mitsitsiya ce, kuma iska kaɗai ake so a wurin. Da giris ya shiga, ko dai ya riƙe allura, ko ya haɗa su biyun ya finciko ta har ƙarshen lamba. Ga shi kuma giris mai kauri yana daskarewa da sanyi, wayar ta riƙa maƙalewa tana fizgewa, har wata rana ta tsinke.

Abin da ake so kaɗan ne. Man wayar sifidomita mai garin girafait, wato baƙin abin nan na cikin fensir, ko farin giris ɗin litiyom mai laushi. Ɗiba a yatsu biyu ka ja wayar ta tsakaninsu, ta yi sheƙi kawai ba tare da ka ga dunƙule ba. Shafa kashi biyu cikin uku na ƙasa, ka bar na sama a goge. Zai sami rabonsa da kansa.

Kuma kada a ɗora sabo a kan tsoho. Wanke wayar da kananzir, goge da tsumman da ba ya zubar da zare, ta bushe. In ka zaro ta ka tarar tana ɗigar da man giya mai warin nan, to ba bushewa ce matsalarka ba, sil ɗin da ke bakin giyabos ne ya mutu. In ba a canza shi ba, man zai sake hawowa ya wanke aikinka ya ƙarasa cikin mita.

Tun tana hannunka, gwada ta. Riƙe bakunan biyu, bar tsakiyar ta yi lilo, ka murza a hankali da yatsu. Lafiyayya za ta juya sumul. In ka ji tana tirjewa tana zabura, ta lanƙwashe a wani wuri, kuma mai ba ya miƙar da ƙarfe. Haka in tsumma yana kamawa a wani waje saboda silin waya ya tashi, ko kusurwoyin bakinta masu huɗu sun cinye. Wannan sai sabuwa, mai tsawo daidai da tsohuwar, domin wadda ta ɗara ko da kaɗan ne za ta riƙa tokare sandar mita. Ba kuma kowace waya ce ke zaruwa ta sama ba. Wata ta ƙasa take fita, wata a kulle take sai dai a canza ta da kubenta. In ka ja ta ƙi, kada ka sa filaya.

Akwai kuma waɗanda suke gama komai daidai su ɓata a wajen mayarwa. Zura wayar kana murzawa har ka ji bakin ya faɗa ramin haƙorin giyabos. Alamar ya zauna ita ce in ka murza ta sama ta ƙi juyawa. Sannan ka ɗaure noti da hannu, ba da sifana ba. In notin yana gardama, bakin bai shiga ba ne, kuma haƙorin can na roba ne a yawancin motoci, matsi kaɗan ke cinye shi.

Daga nan leƙa ƙarƙashin mota ka bi kuben da ido. Sau da yawa bayan an sauke giyabos don canjin kuloci ake mayar da shi ta wata hanya daban, a matse shi a kwana mai tsini ko a bar shi kwance a jikin salansa, zafi ya ƙone man ya narka robar. Kowane lanƙwaso ya zama mai faɗi, kamar a ce kewayen farantin da faɗinsa ya kai santimita 30, a mayar da shi cikin maƙalansa na asali, robar da ke ramin bangon injin ita ma ta koma mazauninta. Sai ka fita titi mai santsi ka riƙe gudu a kan 40 na ɗan lokaci, ka rage zuwa 20, kana sauraro. A ƙaramin gudu ne rawar allura ta fi fitowa, in da saura a nan za ka gani.