Zobo mai gas: kurakuran da ke cin kuɗin sabon shiga

Bara ƙanina ya sauko daga motar Kano da tulun ƙarfe mai cin lita 19, irin wanda masu lemo ke amfani da shi a da, haɗe da tukunyar gas da tiyo da rigileta, wato na'urar da ke daidaita matsin gas. Ya ce, "Yaya, in zobon gidan nan ya yi gas kamar lemon kwalba, ranar kasuwa ba za ka samu na zama ba." Mu a gefen Gumel zoɓorodo ba abin nema ba ne, a nan ake noma shi, buhu-buhu ake lodinsa a Maigatari har ya kai Meziko. Abin da ba mu iya ba shi ne sa masa gas. Tulu uku na ɓata kafin na gane kan abin, kuma duk wanda na ga ya fara bayana a ramukan da na faɗa yake faɗawa.

Babban ramin shi ne zafi. Ranar farko uwargida ta dafa zobo, ta tace, ya huce har hannu na iya shiga, na zuba a tulu, na ɗaure tiyo, na murɗa rigileta. Da na tsiyaya, kumfa ce ta cika kofi, da ta kwanta sai ga zobo salam, ko ɗan cizon harshe babu. Na ɗora wa mai sayar da gas laifi, na ce iska kawai ya ɗura mini. Ashe gas ɗin lemo, wato kabon dayoksaid, ba ya zama a ruwa mai ɗumi. Abin da ruwa zai riƙe a digiri 4, kusan rabinsa yake riƙewa a digiri 25, balle a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura 40. Lemon kwalban da muke sha, kowace lita tana ɗauke da gas kamar lita uku zuwa huɗu, kuma ba a kai wa nan sai da sanyi. Sanyin randa bai isa ba. Sai firiji, ko durom da aka cika da ƙanƙara aka tsoma tulun ciki ya kwana. Zobon ya sauko digiri 2 zuwa 4 tukuna, sannan a yi maganar gas. Wanda ba shi da firijin sola ko mai kawo masa ƙanƙara kullum, shawarata ya riƙe kuɗinsa, kada ya sayi tulun ma.

In ya yi sanyi, a kai allurar agogon rigileta wajen psi 30 (psi ma'aunin matsin gas ne). Daga nan ko dai a bar shi cikin sanyi da tiyo a haɗe kwana biyar zuwa mako guda, ko a kwantar da tulun a riƙa mirgina shi minti goma, kana jin gas na shiga yana ƙugi. Masu gaggawa na biyun suke bi, ni ma haka, amma sai su buɗe famfo nan take. A bar shi ya natsu aƙalla awa biyu.

Kafin duk wannan akwai iskar da ta rage a saman tulu. A sa gas, a ja zoben da ke kan murfi ya yi tsaki, a maimaita sau uku ko huɗu. Kada kuma a cika tulun har wuya. In zobo ya taɓa ɗan gajeren bututun gas da ke cikin tulun ta sama, zai iya komawa ta tiyo ya shiga rigileta, sukari ya daskare a ciki.

Tacewa ma ana raina ta. Zobon gida akwai citta da kanumfari da ɓawon abarba, kuma rariya ɗaya ba ta kama garin citta. Kowane ɗan ƙwayar gari wuri ne da gas ke taruwa ya tsere, shi ya sa kumfa ke yawa, ga shi yana toshe dogon bututun da ke jan ruwa daga gindin tulu. Yanzu sau biyu muke tacewa da farin ƙyalle, mu bar shi ya kwanta, mu tsiyaye na sama. Gas yana ƙara ɗan tsami, don haka sukarin da ya isa zobon roba ba lallai ya isa wannan ba, a ɗanɗana bayan an sa gas kafin a yanke ma'auni. Lemon citta da na tsamiya suna karɓar gas da kyau. Kunun aya kuwa na gwada sau ɗaya, ban ƙara ba.

Tukunyar gas ɗina ta farko kwana uku ta yi ta ƙare. Ba sha muka yi ba, yoyo ne. Zoben robar murfi ya tsage kaɗan, ido ba ya gani. Maganin ba ya cin ko sisi: a kaɗa ruwan sabulu, a shafa a murfi da duk mahaɗar tiyo, inda ya yi ƙwai nan ne ɓarakar. Agogon da ke nuna cikin tukunya kuma kada ya ruɗe ka. Gas ɗin a ruwa-ruwa yake a ciki, allura ba ta motsi sai ya kusa ƙarewa, sannan ta faɗi gaba ɗaya. Sikeli ne ke faɗin gaskiya, a auna tukunyar ranar da aka ɗuro ta. Saboda wannan ruwan ne ma ba a kwantar da ita in ana aiki, a tsaye take, a ɗaure da bango. Matsin cikinta ya haura psi 800, kuma yana hawa da zafi, ba a barinta a rana ko ƙarƙashin kwanon da ya gasu. Ba a kwana da ita a ɗaki a rufe, gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya inda yara ke barci. A nemi gas na abin sha, a faɗa wa mai ɗurawa haka ƙarara. Rigiletar gas ɗin girki kuwa ko kusa.

Sai abin da ya fi damuna, wanda ban ji kowa na faɗa ba. Mutane na ɗauka gas yana hana zobo lalacewa. Ba ya hanawa. Wata rana ƙanƙara ba ta zo ba, tulu ya yi kwana biyu a zafi. Da na buɗe gas ya ƙaru, har na yi murna. Uwargida ta sunsuna kofin ta ajiye, ta ce, "Malam, wannan ba tsamin zobo ba ne, ya fara juyawa." Gaskiyarta. Sukari in ya haɗu da ɗumi, yis ɗin da ke cikin iska da jikin ɓawon abarba sai ya kama ci, yana fitar da gas, yana fitar da barasa tare. A bayan gida na tuttular da lita 19. Shi ya sa ba na bin dabarar masu cewa a jefa yis ɗin burodi a gora a rufe don a huta da sayen tukunya. Gas zai samu, amma ba shi kaɗai ba, kuma Musulmi ne za su saya a hannunka. A tafasa zobon sosai tare da kayan ƙanshinsa, a wanke tulu da tiyo da tafasasshen ruwa duk lokacin da aka juye, kada sanyi ya yanke, a sayar cikin 'yan kwanaki.

Wajen ɗurawa, tiyo gajere mai faɗi kumfa zalla yake bayarwa. A psi 30 sai siriri mai tsawon mita takwas zuwa goma, a naɗe shi cikin sanyi tare da tulun. Gorar ma ta yi sanyi, a karkata ta, a rufe da sauri. A yi amfani da gorar robar da aka taɓa zuba lemo mai gas a ciki. Ta ruwan sha ba ta da ƙwari, kumbura take yi. Kwalbar gilashi kuma na daina tun ranar da ɗaya ta fashe a cikin kula a bayan babur, muna dab da shiga kasuwa, jan zobo ya wanke wa ƙanina farar shaddarsa ta Juma'a.